Kalma Ɗaya, Fuska Biyu: Turancin da ke Jikin Gangunan Sharaɗa

Duk wanda ya bi ta unguwar masana'antu ta Sharaɗa a birnin Kano da hantsi, ba zai rasa cin karo da tankar mai ba, tana jiran a buɗe mata ƙofar wani kamfani domin ta sauke man da injinan bayar da wuta za su sha. A jikin tankar akan rubuta waɗansu kalmomi biyu na Turanci da jan fenti, manya-manya: HIGHLY INFLAMMABLE. Idan kuma aka shiga sito na kamfanin, sai a tarar da ganguna a jere, an liƙa musu takarda mai ɗauke da kalmar FLAMMABLE.

A ɗauka ɗalibi ne ya zo koyon aiki, wanda ya riƙe darasin malaminsa na Turanci da kyau. An koya masa cewa ɗafa-goshin in- yana kore ma'ana: correct daidai, incorrect ba daidai ba, visible abin da ake gani, invisible abin da ba a gani. Bisa wannan ƙa'ida zai yanke hukunci cewa abin da ke cikin ganga yana kama wuta, na cikin tanka kuwa ba ya kamawa. Lissafinsa ya tafi daidai, amma amsar ta fito karkatacciya, domin kalmomin nan biyu ma'anarsu ɗaya ce tak, wato abin da ke saurin kamawa da wuta. A ɗakin jarrabawa, maki ɗaya irin wannan kuskure zai ci. A bakin tanka kuwa, yana iya cin rai.

Asalin rikicin

Masana tarihin harshe sun bayyana cewa ɗafa-goshin in- iri biyu ne Turanci ya gada daga harshen Latin, kamanninsu ɗaya amma aikinsu daban. Na farko shi ne mai korewa, wanda ɗalibai suka fi sani. Na biyu kuwa ma'anarsa "cikin" ko "sanya a cikin". Kalmar inflammable ta samo asali ne daga inflammare ta Latin, wato cinna wa abu wuta, saboda haka in- ɗin da ke goshinta na biyun ne. Haka abin yake a invaluable ta wata fuskar: mai karatu zai zaci abu ne marar daraja, alhali kuwa ana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Kama da wane ba ta wane.

Su kansu Turawa wannan kalma ta sha ruɗa su. Tun a shekarun 1920 ƙungiyar kare aukuwar gobara ta Amurka ta yi kira da a riƙa rubuta flammable a maimakonta, a 1959 kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Ingila ta bi sahu. Abin da ba ya kama wuta sai aka ce a kira shi non-flammable. Amma tsohuwar kalmar ba ta mutu ba; tana nan a jikin tankoki daga Legas har Kano. Maƙwabta na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci su ma suna da tasu: inflammable mai kamawa, ininflammable marar kamawa. Gaɓa ɗaya ƙarama ce tsakanin lafiya da gobara.

Toka da nama a majemar Challawa

Waccan kalma tana ruɗarwa ne saboda sigarta. Akwai kuma waɗanda suka fi ta ban mamaki, wato kalma guda mai ɗauke da ma'anoni biyu kishiyoyin juna. Masana Turanci suna kiran irinsu contronyms, wasu kuma su ce kalmomin Janus, da sunan wani gunkin Rumawan da mai fuska biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, wanda daga sunansa aka samo watan Janairu. Bahaushe yana da suna mai kyau ga irin wannan magana: harshen damo.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Kano ta daɗe da shahara a sana'ar jima, tun zamanin da majema ke aiki da toka da bagaruwa, ana kai jar fatar akuya ƙetaren Sahara. A kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa aikin dai shi ne, sai dai da inji da sinadarai, kuma kowane mataki yana da sunansa na Turanci. Idan aka ce salting, ana nufin a zuba wa fata gishiri don kada ta ruɓe. Idan aka ce liming, ana nufin a tsoma ta cikin ruwan farar ƙasa domin gashi ya saki. Sai kuma fleshing. Wanda ya bi sawun biyun farko zai ce ai sanya wa fata nama ake yi. Ina! Kankare ragowar nama da kitse daga jikin fatar ake nufi. Ginin kalmomin uku iri ɗaya ne, biyu na sanyawa, ɗaya ta cirewa. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, a kan layin aikin nan guda akwai unhairing, cire gashi, da deliming, wanke farar ƙasa, waɗanda aka yi musu alamar cirewa ƙarara a goshi.

Dalilin haka shi ne Turanci yakan ɗauki sunan abu ya mayar da shi aikatau ba tare da ya faɗi inda aikin ya nufa ba. A matatun man gyaɗa, to shell ɓare gyaɗa ne, to oil kuwa zuba wa inji mai ne. Kalmar dust ita kam ta haɗa biyun: mai shara idan ya yi dust ɗin tebur ƙura ya kaɗe, mai yin alewa idan ya yi dust ɗin alewa garin sukari ya barbaɗa mata. Babu wata ƙa'idar nahawu da za ta raba wannan gardama. Sanin aikin ne kaɗai ke raba ta: wanda ya taɓa ganin ɗanyen ƙirgi ya san ba nama yake buƙata ba.

Launin da ba ya gudu

Wata hanyar da kalma ke yin fuska biyu ita ce daɗewa. Kowane ɗan aji ɗaya ya san fast na nufin sauri. Amma a masaƙa, ko a bakin 'yan kasuwar Kantin Kwari da suka san kaya, fast colour shi ne launin da ya kama, wanda ba ya zuba a wanki, ba ya koɗewa a rana. Kalmar gudu ta zama kalmar tsayuwa.

Gaskiyar magana, ma'anar tsayuwar ce ta girmi ta gudun. A tsohon Turanci kalmar tana nufin abin da ya kafu daram. Daga nan aka riƙa cewa mutum ya yi gudu fast, wato ya dage bai sassauta ba, sannu a hankali dagewar ta koma sauri. Tsohuwar ma'anar ta ci gaba da zamanta a fasten, ɗaure, da kuma harshen masu rini. Marinan Ƙofar Mata, da suka gaji baba da toka kaka da kakanni, za su ce rini ya kama. Masu gwaji a ɗakin binciken masaƙa kuwa ba su tsaya ga kalma ba, lamba suke bayarwa: jure wanki ana auna shi daga 1 zuwa 5, jure hasken rana daga 1 zuwa 8, mafi girman lamba shi ne mafi inganci.

A ofishin manaja ma akwai irinsu. Sanction ta fito daga kalmar Latin mai nufin doka ko hukuncin da aka zartar. Da yake doka tana halattawa tana kuma hukuntawa, sai kalmar ta rabu biyu: amincewar hukuma, da kuma takunkumi. Waɗanda suka yi wayo a 1995 za su tuna yadda ta cika jaridu lokacin da Tarayyar Turai ta sanya wa Nijeriya takunkumi bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas a ranar 10 ga Nuwamba. Amma idan takarda ta ce hukumar kamfani ta yi sanction ɗin sayen sabon inji, izini ta bayar. Haka oversight: sa ido a kan aiki, ko kuwa kuskuren da ya auku don ba a sa idon ba. Outstanding a katin sakamakon ɗalibi yabo ne babba, a littafin akanta kuwa bashi ne da ba a biya ba. Wind up a jikin agogo na nufin a wana shi ya fara tafiya. A gaban kotu kuwa na nufin a rufe kamfani a sayar da kadarorinsa a biya masu bin bashi. Ma'aikata da yawa a Bompai da Sharaɗa sun san wannan ma'ana ta biyu a jikinsu, tun bayan da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje suka sa masaƙu da wasu kamfanoni masu yawa suka rufe ƙofa.

Buɗe da rufe

Inda harshen damo ya fi haɗari shi ne ɗakin inji, domin a can ba a samun lokacin buɗe ƙamus. Idan aka ce the light went off, an ɗauke wuta ke nan. Amma idan aka ce the alarm went off, ƙararrawar gargaɗi ce ta fara kuwwa. Wanda ya ɗauki ta biyun da ma'anar ta farkon zai zauna abinsa yana zaton ƙararrawa ta mutu, alhali kiran gudu ake yi.

Haka nan open da closed. Mai aikin famfo ya san idan bawul yana open, ruwa ko tururi na wucewa. Mai aikin lantarki kuwa idan ya ce makunni yana open, yana nufin an raba wayoyi biyu, hanya ta yanke, wuta ba ta wucewa. Sai ya zama closed sannan wuta ke gudana. Dalilin a fili yake ga wanda ya yi kimiyyar lantarki: wuta ba ta tafiya sai hanyarta ta zagayo ta haɗe. Bawul kamar ƙofa yake, makunni kamar gada. Ƙofa a buɗe ake wucewa, gada kuwa sai bakinta biyu sun haɗu. A nan Hausa ta fi sauƙi, domin ta ware kunnawa da kashewa ga wuta, ta bar buɗewa da rufewa ga famfo. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya dogara ga abin da aka faɗa masa da baki. Sai ya kulle makunnin da kwaɗo, ya rataya alama, ya kuma gwada wayar da na'urar gwaji kafin ya sa hannu.

Maganar da ta kai mutum ga igiya

Ba kalmomi ɗai-ɗai kaɗai ke da wannan hali ba, har da salon magana. Misali mafi tayar da hankali ya faru ne a Ingila. A daren 2 ga Nuwamba, 1952, 'yan sanda suka ritsa waɗansu samari biyu a kan rufin wani sito a garin Croydon, kudu da Landan. Derek Bentley, mai shekara 19, ya riga ya shiga hannu; abokinsa Christopher Craig, mai shekara 16, yana riƙe da bindiga. 'Yan sanda sun shaida wa kotu cewa Bentley ya ɗaga murya ya ce, "Let him have it, Chris." Craig ya yi harbi ya raunata ɗan sanda ɗaya, daga bisani ya kashe wani mai suna Sidney Miles.

Wannan jimla tana da fuska biyu. Bisa zahirin kalmominta, tana nufin "miƙa masa ita", wato bindigar. A salon magana kuwa tana nufin "ɗirka masa". Samarin biyu sun musanta cewa an ma furta ta. Kotu ta ɗauke ta a matsayin zuga. Da yake Craig bai kai shekara 18 ba, ɗauri aka yi masa. Bentley, wanda bai harbi kowa ba, aka rataye shi ranar 28 ga Janairu, 1953. Sai a 1998, bayan shekara 45, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin saboda ba a yi masa shari'ar adalci ba.

Wani lokaci kuma ƙasa ce ke raba ma'ana. A Ingila, haka ma a majalisun Nijeriya, to table wani batu shi ne a gabatar da shi don a tattauna. A Amurka kuwa a jingine shi ne. Winston Churchill ya ba da labari a tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya rubuta cewa hafsoshin ƙasashen biyu sun taɓa yin doguwar jayayya a kan wannan kalma kafin su gane abu ɗaya suke so. Turancin Nijeriya ma yana da nasa. Ma'aikaci zai ce wa baƙon injiniya "I am coming" sannan ya juya ya fice, baƙo ya saki baki. Ba wani abu ba ne illa "ina zuwa" ta sa rigar Turanci.

Ba Turanci kaɗai ba

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aibi ne na Turanci shi ɗaya. Malaman Larabci sun daɗe da nazarin irin waɗannan kalmomi, suna kiransu addad. Ibnul Anbari, masanin nahawu na Bagadaza da ya rasu a shekara ta 940 Miladiyya, ya wallafa littafi sukutum a kansu. Daga ciki akwai jaun, mai nufin baƙi ko fari, da maula, mai nufin ubangida ko bawan da aka 'yanta.

Hausa ma ba a bar ta a baya ba, kuma kalmar baya ɗin nan ita ce shaida. "A baya" lokacin da ya shige ne, "daga baya" kuwa lokacin da ya biyo. "Nan gaba" abin da bai zo ba, amma "gabanin" zuwan Turawa da "magabata" duk sun shuɗe. Yaro zai ce riga ta yi "mugun kyau", ba wanda zai zaci kushe ta yake yi. A je gaida marar lafiya a tambayi jiki, a ce "da sauƙi", ko da kuwa ciwon ya tsananta. Bahaushe ba ya ruɗewa da waɗannan, domin tun yana goye yake jin su a muhallinsu. Baƙon harshe ne ke tuntuɓe. A wani wurin kuma Hausa ce ke rarrabewa da ƙarshen aikatau: saya da sayar, ya ari littafi da ya ara masa littafi. Da yake tushen ɗaya ne a Hausa, sai ɗalibi ya ce "borrow me your pen", ya manta Turanci ya ware lend ga mai bayarwa.

Maganin da kimiyya ta kawo

Da masana suka ga kalma ba ta da tabbas, sai suka jingina da lamba da hoto. Ruwan mai ba shi ne ke ci da wuta ba, tururin da ke tashi daga gare shi ne. Saboda haka kowane mai yana da matakin zafin da in ya kai, tururinsa ya isa ya kama da zarar tartsatsi ya taɓa shi. Na fetur yana wajen digiri 43 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyos, wato a ko'ina kuma a kowane lokaci a shirye yake. Na kananzir yana farawa daga wajen digiri 38, na man dizal kuwa ya haura 50. A tuna cewa zafin Kano a watan Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa. Ashe gangar kananzir da aka bari a rana a bazara ta riga ta shiga sahun masu haɗari, ko me aka rubuta a jikinta.

A shekara ta 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin bai-ɗaya na yi wa sinadarai alama. A ƙarƙashinsa ana zana hoto baƙi a kan farin fili, cikin murabba'i mai jan baki da aka tsayar a kan kusurwarsa: harshen wuta ga abin da ke kamawa, ƙoƙon kai da ƙasusuwa ga guba mai kisa, ruwa na ɗiga a hannu da ƙarfe ga abin da ke cinye fata. Lebura da bai taɓa shiga aji ba da injiniyan da ya zo daga Sin ko Indiya duk za su karanta hoton nan da ma'ana ɗaya.

Abin da ya rage ga makaranta

Ɗaliban da ke sakandare a yau su ne gobe za su shiga Sharaɗa da Challawa da Bompai, wasu a ƙarƙashin shirin koyon aiki a masana'antu da Asusun Horar da Ma'aikata ya ɓullo da shi a 1973, wasu a matsayin ma'aikata. Jarrabawar kammala sakandare tana tambayarsu kalma mafi kusa da ma'ana da kuma kishiyar ma'ana, kuma kullum a cikin jimla ake ba da kalmar, ba ita kaɗai ba. Wannan ba banza aka yi shi ba, domin jimlar ce ke nuna wace fuska kalmar ta juyo.

Yana da kyau ɗalibi ya saba da karanta dukkan ma'anonin da ƙamus ya jera, kada ya tsaya a ta farko. Malamin Turanci da na kimiyya kuwa za su iya haɗa kai su sa 'yan aji su kwafo rubuce-rubucen da ke jikin gwangwanin fenti, da maganin ƙwari, da tukunyar gas, da kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, a zauna a fassara su zuwa Hausa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda fassara biyu suka yi karo, to, an samu darasin ranar. Fiye da kome, a cire wa yara kunyar tambaya. Sabon ma'aikacin da ya ce wa shugabansa, "Ranka ya daɗe, kunnawa kake nufi ko kashewa?" wataƙila a yi masa dariya sau ɗaya, amma zai koma gida da yatsunsa goma. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.